Lemon Papu a Kujerar Baya

Wilpena,
Talata, 17 ga Satumba.

Zuwa ga Mama Kalliopi,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, gwiwar nan ta yi sauƙi, kuma kin fara sabawa da zaman bene a gidan ’yarki Irini. Ki gaishe min da ita da maigidanta. Mu dai lafiya lau muke, ban da sanyi. Takarda na zaɓa don na san ke da waya ba kwa shiri: sai ki kara ta a kunnen da ba ya ji, sannan ki ce mu ne ba ma ɗaga murya. Ga shi nan cikin duwatsu sabis ɗin ma babu shi sam.

Kwananmu uku a gandun dajin nan. Ranar da muka baro ki a Adelaide sai da rana ta kusa faɗuwa muka iso, sannan ɗanki Manoli ya tuna guduma tana cikin kayan da babbar mota ta wuce da su. Da dutse ya kafa turakun tanti, ya bugi yatsa sau biyu, ya yi ta zagin dutsen da Girkanci. Jikanki Stami ya haddace zagin tsaf, jiya har ya gwada shi a kan wani kangaru da ya leƙo kular abincinmu. In kun haɗu ya gaishe ki da shi, ki san ba a wajena ya koya ba.

Yaran suna jin daɗi, Mama, kuma abin da ya fi ci min rai ke nan. Har yanzu ba su san komai ba. Ba su san an sayar da gonar ba, ba su san gidanmu na Renmark ya zama na wasu ba. Esperance ɗin da muke ce musu ƙarshen yawo, ba su san can ne ubansu zai kama aiki a tashar jirgin ruwa ba, can kuma za mu zauna. Mun ce musu fenti za a yi wa gidan, shi ya sa aka kwashe gadaje. Manoli ya ce a bar su su sha hutunsu tukuna, in mun isa sai a zaunar da su. Na yarda, don ni ma ba ni da bakin faɗa. Amma takwararki Popi shekararta bakwai, ba jaririya ba ce. Kullum da safe sai Popi ta buɗe taswira ta bi hanya da yatsa har teku, ta dawo, ta ce, “Ta nan za mu koma gida, ko Mami?” Ni kuwa sai in ce ta zo ta sha shayinta kada ya huce.

Yanzu ga abin da ya zaunar da ni rubutu. Dashen lemon tsamin nan ne. Yana nan a gwangwanin man zaitun ɗinki, a kujerar baya tsakanin yaran, an ɗaura masa bel kamar mutum. Rassa biyar Manoli ya yanka daga bishiyar Papu, marigayi maigidanki, ta ƙofar kicin ya yi musu aure, wannan kaɗai ya kama, kuma tun da muka taso ya fi duba shi a madubi fiye da yadda yake duba hanya. Popi ce mai ba shi ruwa, murfin fulas ɗaya safe, ɗaya yamma. Shekaranjiya ta ce, “Baba, wai me ya sa muke yawo da bishiya? Ba wanda ke zuwa hutu da bishiya.” Ya ce, “Shi ma hutun ya fito. Ke za ki iya shekara guda a tsaye wuri ɗaya?” Stami ya yi ta dariya har da shaƙuwa. Popi ba ta yi ba.

Mama, ni da ke mun san ba a shiga Yammacin Ostireliya da shuka, balle da ƙasa a gwangwani. Akwai shinge a kan iyaka, kowace mota sai an buɗe ta. Wanda ya fi mu sani kuwa ɗanki ne. Shekara tara yana kwamitin manoman lemo, shi ya riƙa bin tituna yana kafa allunan hana shigo da ’ya’yan itace saboda ƙudan da ke ɓata amfani. Kin tuna bikin Istar da ɗan ƙanwarki Lefteri ya zo daga Melbourne da kwandon inabi? A gaban baƙi Manoli ya karɓe ya ƙulle a leda ya kai shara, ya ce kwando ɗaya ya isa ya kashe gonar mutum ɗari. Shekara biyu Lefteri bai taka gidanmu ba.

Na ji labarin safar nan ya fi sau ɗari, kuma ina son sa: yadda Papu ya tsinki lemo ɗaya a tsakar gidan mahaifiyarsa can ƙasarku, ya cusa a safa, ya yi wata guda da shi a jirgin ruwa, ya wuce ta gaban jami’ai yana murmushi. Amma wancan zamani daban. Ranar da muka kawo miki jakar lemon ƙarshe ina jin ki daga kicin kina ce wa Manoli, “Ubanka bai tsaya tambayar kowa ba.” Tun daga nan ya daina saurarona. Don Allah in wasiƙar nan ta same ki, ki sa Irini ta neme shi. Ki ce ya aiko miki da dashen. Barandarku ƙarama ce, na sani, amma gwangwani ɗaya ba zai hana ki shanya kaya ba.

Gobe zan saka wannan a gidan waya na Hawker. Yara suna gaishe ki.

Taki,
Tegan.

Gawler,
Lahadi, 22 ga Satumba.

Mama,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki. Ina fata kina shan maganin hawan jinin a kan lokaci, ba sai kin ji kai ya sara ba. Ina fata kuma kin samu cocin da za ki riƙa zuwa kusa. Yau Lahadi na tuna ki, mu nan ko ƙarar mota babu, balle ƙararrawa.

An tumɓuke gonar, Mama. Gara ki ji daga gare ni.

Mun tsaya shan mai a Port Augusta, sabis ya dawo, wayar Manoli ta yi ta ƙara. Maƙwabcinmu Harjit ne ya aiko hoto, da kalma uku, “Yi haƙuri, ɗan’uwa.” Katafila biyu suka kawo ranar Laraba. Layukan lemon zaƙin nan duk sun kwanta, an tara su tsibi-tsibi ana jiran su bushe a cinna musu wuta, waɗanda suka sayi gonar suna saurin dasa itatuwan almon. Gidan yana tsaye. A ƙofar kicin kuwa rami ne. Mun san za a yi, yana cikin takardar da ya sa wa hannu, amma shi ya ɗauka za su bar ta Papu tunda ba ta tare musu komai ba. Ya tsaya da bututun mai a hannu har wanda ke bayanmu ya danna masa oda. Da ya shigo mota Popi ta ce, “Baba, idonka ya yi ja.” Ya ce fetur ne.

Daga can zuwa nan tafiyar awa huɗu ce, rabinta jar ƙasa da gargada. Ni ce na yi ta waƙa da yaran har muryata ta dushe. Wurin nan fili ne fetal, duwatsu jajaye, babu ruwa sai wanda ka zo da shi, babu kowa sai mu da wasu tsofaffi biyu a can nesa. Da can irin wurin da nake roƙonsa ya kawo mu ke nan, shekara goma yana cewa bayan girbi. Ga mu mun zo, ba girbin.

Tunda ba a yarda a tsinci itace a gandun daji ba, da namu muka taho, sassaben lemon bara da ya daddatsa. In an hura, wurin gaba ɗaya sai ya ɗauki ƙamshin bayan gidanmu. Jiya Stami ya shaƙa ya ce, “Mami, gida ya biyo mu.” Na tashi na ce zan duba tukunya, alhali tukunyar tana gabana.

Jiyan da asuba raɓa ta daskare. Mun manta dashen a waje. Kafin in farka na ji Popi tana kuka, ta fita ba takalmi ta rungumo gwangwanin, ganye biyu na sama sun yi baƙi. Manoli ya fito a guje, kuma maimakon ya dubi ƙafar ’yarsa, ganyen ya fara dubawa. Nan na ji raina ya ɓaci. Na jira har Popi da Stami suka tafi kallon jiminai, muna wanke kwanuka, na ce masa, “Kai wai uban yara ne ko uban gwangwani?” Ya ce, “Shi kaɗai ya rage, Tegan.” Na ce, “Shi ya sa nake cewa ka mayar wa Mama. Kana kai shi inda za a jefa shi a shara ne da hannunka.” Ya ce, “Ba za su gani ba.” Na ce, “Sannu, shugaban kwamiti. In kira maka Lefteri ya koya maka ɓoyo?” Ya ci gaba da goge farantin da ya riga ya bushe.

Na yi nadamar maganar Lefteri. Ba zan ɓoye miki ba, tausayinsa nake ji fiye da haushi. Mutumin da tun yana ɗan shekara goma yake bin ubansa da almakashi, yanzu zai je ya riƙa danna maɓallin loda alkama. Amma ina tsoro, Mama. Ina tsoron ranar shingen nan kamar ranar asibiti. Yanzu a cikin tanti dashen yake kwana, a gefen kan Popi, kuma na lura tana rage ruwan gorarta don ta ƙara masa. Na ce mata ruwa yana kashe shuka in ya yi yawa. Ta ce, “So nake in mun koma in nuna wa babbar bishiya yadda ɗanta ya girma.”

Ranar Alhamis za mu isa Ceduna, can akwai sabis. Ki kira shi. Maganarki yake ji.

A gaida Irini. Wannan a Wudinna zan saka ta.

Surukarki,
Tegan.

Ceduna,
Juma’a, 27 ga Satumba.

Mama,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan kin tashi lafiya. Na ji muryarki jiya daga nesa, da ƙarfinta, don haka ba sai na tambayi jiki ba.

Shekara goma sha ɗaya ina gidanki ban taɓa mayar miki da magana ba. Ko lokacin da kika ce ’yar Ostireliya ba za ta iya miyar ƙwai da lemo ba, shiru na yi na koya, har kika zo kina ƙari. Yau dai ki bar ni in faɗa. Ba ki kyauta ba.

Na riga na shirya komai. A sansanin matafiyan da muka sauka na haɗu da wata mata, Maureen, ita da mijinta sun gama zagayensu suna komawa Adelaide. Da na ba ta labari ta ce, “Haba ’yata, kawo shi, har ƙofar tsohuwar zan kai mata. Na yi renon jikoki shida, gwangwani ne zai gagare ni?” Na rubuta mata adireshin Irini. Manoli ma ya fara saukowa, na gani a fuskarsa, har ya tambaye ta ko motarsu tana zafi da rana. Sai wayarki ta shigo. Ya tafi bakin ruwa, kuka yi ta Girkanci na rabin awa. Da ya dawo ya ce wa Maureen ya gode, a bar shi. Na matsa masa, ya ce kin ce ke kwananki nawa ya rage, bishiyar Papu ba ta baranda ba ce, a ƙofar kicin ɗin jikokinsa za ta tsaya ko kuma ta mutu a hanya.

Na gane abin da kike nufi, wallahi na gane. Ke ma an tumɓuke ki. Amma kin ɗora wa ɗanki abin da ba halinsa ba. Papu ya iya murmushi a gaban jami’i. Manoli ko canjin da aka ba shi ya yi yawa sai ya koma ya mayar.

Yau da safe ya gwada dabararsa. Ya naɗe gwangwanin a leda, ya kwantar da shi a jakar kayan wanki, ya rufe da wandunan Stami masu fitsarin kwance, wai ba mai sa hannu a nan. Wannan na iya haɗiyewa. Abin da na kasa shi ne da ya kira yaran ya ce za a yi wasa: in wani mai hula ya tambaya ko akwai shuka a mota, kowa ya yi shiru, wanda ya fi iya shiru yana da askirim. Stami ya yi tsalle. Popi ta dube shi ta ce, “Baba, ƙarya ke nan?” Ya ce, “A’a, ɓuya ce.” Ta ce, “To me ya sa ba za mu bar shi a gida ba tun farko?” Ya dube ni, ni kuma na dubi teku. Ƙarya ɗaya muka fito da ita daga Renmark, ga shi ta haihu a hanya.

Na ce masa a gaban shingen nan kada ya sa ran zan taya shi. In an tambaye ni gaskiya zan faɗa. Ya ce, “Na sani. Ke ai ba ki taɓa son gonar ba.” Wannan ta yi min zafi, Mama. Ni da na yi cikin Popi ina tsinkar lemo har wata takwas.

Gobe za mu kama doguwar hanya. Itacen girkinmu saura guda huɗu. Ban san yaushe zan sake samun gidan waya ba.

Duk da haka ina gaishe ki da kyau.

Tegan.

Esperance,
Alhamis, 3 ga Oktoba.

Zuwa ga Mamana,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kina lafiya, ke da Irini da mutanen gidan. Mun iso lafiya tun shekaranjiya. Ba mu shiga gidan hayar ba tukuna, muna tanti a gandun dajin bakin teku, inda muka yi wa yaran alkawarin farin yashi. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu. Manoli ya kasa kiran ki, ni ma bakina ba zai iya ba, shi ya sa na dawo ga takarda.

Ranar Asabar mun tsaya a gaɓar nan mai tsawo inda manyan kifaye ke zuwa haihuwa. Mun ga uwa da ɗanta dab da dutse, yaran suka yi ta ihu. Manoli ya ɗora Stami a wuya, har ya yi dariya. Na ce a raina ko ba komai sun samu wannan. Muka kwana a filin nan da ba bishiya ko ɗaya, muka ƙone itacen ƙarshe.

Lahadi da hantsi muka iso wurin hutawa na ƙarshe kafin iyaka. Kin san abin da ake yi a nan: kowa ya baje abin da ya rage masa yana cinyewa kafin a karɓe. Wani tsoho yana bin motoci da tuffa yana cewa, “Ku taimaka min, matata ta sayo kamar za mu buɗe shago.” Na soye albasa da dankalinmu kaf, Stami ya ci ayaba uku. Manoli bai ci komai ba. Ya ba dashen ruwa da kansa, ya goge ganyen ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, sannan ya sa shi a jakar wanki.

Motoci biyar ne a gabanmu. Da layi ya zo kanmu, wata jami’a ce ta fito, babbar mace mai furfura, da fara’arta. Ta gaida yaran, ta duba kula, ta karɓi ragowar zumar da na manta da ita. Ta buɗe baya, ta ɗaga jakar barci, ta kai hannu kan jakar wanki, ta ji wari, ta yi dariya ta ce, “Wannan na bar wa uwarsu.” Sannan ta zagayo ta tagata, ba tasa ba, ta ce, “Sauran fa? Shuka, iri, ƙasa, babu ko?”

Mama, ni ce na ce babu. Ni da na yi sati biyu ina yi masa wa’azi. Ban san lokacin da ta fito ba. Na dube shi a bakin sitiyari, na ji in aka raba shi da abin nan ban san wanda zan kai Esperance ba. Na ce, “Babu komai,” har da murmushi, irin na Papu. Ta ce, “To, Allah ya kiyaye hanya.” Ta ja baya. Yaran sun yi tsit. Mun wuce ke nan, Mama. Ba abin da ya rage sai ya taka mota.

Bai taka ba. Ya kashe ta. Ya ce, “Baiwar Allah, akwai.”

Ya fita ya buɗe baya, ya zare wandunan ɗaya-ɗaya, ya fito da gwangwanin ya warware ledar. Ya ce mata, “Daga Renmark yake. Ni manomin lemo ne. Ban ga cuta a jikinsa ba, amma ba kowace ake gani ba, kuma akwai masu gona a gaba.” Matar ba ta dube ni ba, kuma na gode mata. Ta ce zai iya komawa da shi in yana da wanda zai bar wa a baya. Ya waiwayi hanyar da muka fito. Adelaide kwana biyu ce, Maureen ta daɗe da isa gida, a nan kuwa ba kowa sai gidan mai da ma’aikatansa ke canjawa duk wata. Ya ce, “A’a. Ba zan bar shi ya bushe a bayan gidan mai ba. Karɓi.” Ta sa hannu biyu ta karɓa. Ta ce, “Ka yi haƙuri.” Sai da ta ɗan ja kafin ya saki.

Ya dawo ya zauna, ya kifa kai a sitiyari. Ban taɓa jin kukansa da sauti ba, ko ranar jana’izar Papu. Stami ya tsorata ya fara nasa. Sai Popi ta kwance bel ɗinta, ta miƙo hannu ta dafa kafaɗarsa, ta ce, “Baba, daina kuka. Ba komai. Ai babbar tana gida. In mun koma sai ka yanko wani.”

Ya tuƙa mu har Eucla, tafiyar minti goma, ya tsaya a gefen hanya. Ya juyo ya faɗa musu komai da bakinsa, bai bar min ko kalma ɗaya ba. Gonar, gidan, katafila, ramin ƙofar kicin. Stami ya tambaya ko kekensa ma an tumɓuke, aka ce yana babbar mota, sai ya nemi askirim ɗinsa tunda shi ya fi kowa shiru. Popi ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Tun yaushe kuka sani?” Na ce tun kafin mu taso. Ta ce, “Kuma kina gani ina nuna miki hanyar komawa.” Ta ninke taswirar ta miƙo min. Tun daga nan in na yi mata magana tana amsawa, amma ba ta kallona. Jiya Stami ya ɗora motar wasansa a tsakiyar kujera, ta ɗauke ta ajiye masa a cinya. Har yanzu ba ta yarda a sa komai a wurin ba.

Kada ki yi fushi da ɗanki. Ya yi ƙoƙarin zama ubansa har bakin shinge, abin bai karɓe shi ba. In fushin ya zama dole, ga ni, ni ce na yi ƙaryar kuma ba ta amfani kowa ba. Litinin zai fara aiki. Yana tashi, yana cin abinci, yana kai yaran bakin ruwa su ga kangaru a kan yashi. In ya zauna shi kaɗai sai in ga yana sansanar yatsunsa.

Saura abu ɗaya, kuma ban gaya masa ba don kada in sa masa rai. Jakar lemon nan da muka kawo miki ranar sallama, daga bishiyar Papu muka tsinko ta. Na san ki, ba kya cin komai sai kin matsa lemo, kuma yau kusan sati uku. Jiya na aika wa Irini saƙo tana wurin aiki, na ce ta ɓoye min ko guda ɗaya. Ta ce jakar ta ƙare, amma da safe ta ga rabi a kan ɗan faranti a cikin firji. Ban sake tambayarta ba, tsoro nake ji.

Ki tashi ki duba min da kanki, Mama. In rabin nan yana nan, kada ki matse shi a miya. Ki ɗaga shi a haske ki ga ko akwai ƙwaya a ciki. In akwai, ko ɗaya ce, ki sa ta a ƙasa a barandar nan da kika raina. Ba za ta zo nan ba, mun gama da wannan. Amma in na kawo Popi hutun Kirsimeti, ina son in samu abin da zan nuna mata wanda ba ƙarya ba.

Manoli yana gaishe ki, ko da bai ce ba. Allah ya ƙara miki lafiya.

’Yarki,
Tegan.